Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Makarantu da Iyayen Yara na Kaduna: Ku Bar Mu Mu Kai Yara Dutsen Dala

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena, yayyena da abokan aikina, ina gaishe ku da ɗawainiyar yara, Allah ya saka da alheri. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan cikin Kaduna, bana shekarata 19 ina riƙe da alli. Ban saba rubuta wasiƙa irin wannan ba. Wata magana ce ta taso a taron iyaye da malamai na makarantarmu, na kwana da ita na tashi da ita, da na kuma zanta da malaman wasu makarantu sai na tarar ashe ba mu kaɗai ba ne.

A zangon da ya wuce na shiga ajin 'yan shekarar farko ta babbar sakandare, na rubuta kalma ɗaya a allo: Dala. Na ce duk wanda ya san abin da ake nufi ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi da yawa. Na farko ya ce kuɗin Amurka ne. Wata yarinya ta ce asibitin ƙashi ne a Kano, can aka kai yayanta da ya karye a kan babur. Wani yaro mai ƙoƙari, wanda kakansa ya yi fataucin gyaɗa, ya ce buhunan gyaɗa ne da ake jerawa su yi tsini. Duk ba su yi ƙarya ba. Amma a ajin nan gaba ɗaya babu wanda ya ce dutse ne, alhali kusan rabinsu in ka tambaye su asalinsu za su ce maka Kano, ko Bichi, ko Rano, ko Gwarzo. Na tsaya riƙe da alli na rasa ta inda zan fara. Laifin ba nasu ba ne. Yaro ba ya sanin abin da ba a nuna masa ba.

Daga nan na rubuta wa shugaban makarantarmu takarda ina neman a ba mu izinin kai yara ziyarar gani da ido Kano, mu hau Dala, mu ga ganuwa, mu shiga Gidan Makama. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce sai an kai maganar gaban iyaye. Ranar taro wasu suka kawo batun hanya, wasu suka kawo batun kuɗi, kuma duka biyun zan dawo kansu don ba ƙananan maganganu ba ne. Sai wani dattijo ya miƙe, mutumin kirki wanda nake ganin girmansa, wanda da kuɗin aljihunsa ya taɓa gyara mana rufin aji biyu. Ya gyara babbar rigarsa ya ce: "Malam, mu fa mun kawo 'ya'yanmu ku koya musu ilimi ne. Ba mu kawo su a kai su gidan Tsumburbura ba. Abin da Allah ya raba mu da shi, me ya sa za ka mayar da su?" Ɗakin ya yi tsit, daga baya aka ɗauki "haka ne, haka ne." Na buɗe baki zan yi bayani, lokacin sallar la'asar ya yi, aka tashi. Tafiyar ta mutu a nan.

Baba Alhaji, in wannan wasiƙa ta iso gare ka, ka yi mini haƙuri, amsar da ban samu damar ba ka ba ran nan ce nake kawowa. Na san kishin addini ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, ni ma ba na so in ga ɗan kowa ya kauce. Ina roƙon ka saurari abin da zan faɗa wa yaran nan da a ce mun hau.

Da farko zan sa su duƙa su ɗebi ƙasar wurin a tafin hannu. Dala ba irin baƙin dutsen da muka saba gani a hanyar Kajuru ba ne. Jan dutse ne na marmara, samansa shimfiɗaɗɗe kamar faifai, kuma jan nan alamar ƙarfe ce a cikinsa. Wannan shi ne tushen labarin duka. Masu binciken kayan tarihi sun tono wurin narka tama a gindin Dala, aka gwada gawayin da aka samu a ciki, ya nuna ƙarni na 7 miladiyya. Wato kusan zamanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake Madina, a gindin dutsen nan akwai mutanen da suka san yadda ake haƙo tama, a haɗa ta da gawayi, a zuga wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa, a ƙera fartanya da gatari da kan mashi. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga gumin da ake sha kafin a lanƙwasa ƙarfen da aka riga aka tace, shi zai gane girman aikin wanda ya fitar da ƙarfen daga cikin dutse. Labarin baka na Kanawa ma bai saɓa da wannan ba, don yana cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zo neman tama suka zauna, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ya bi garin. Ga ƙarfe, ga ruwan Jakara, ga ƙasar noma, ga tudun da za a hau a hango maƙiyi tun daga nesa. Mutum ba ya buƙatar wani dalili da ya wuce waɗannan kafin ya kafa bukka.

Sai mu zo kan Barbushe, wanda sunansa ke tayar wa mutane da hankali. A ina muka san shi? A littafin Tarihin Kano muka san shi, wanda aka rubuta da Larabci a cikin birnin Kano, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908, daga baya kuma aka mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ya zo ƙasar ya gina gida a kan dutsen, shi ya sa ake kiran dutsen da sunansa. Dala ya haifi Garageje, Garageje shi ne kakan Buzame, Buzame ya haifi Barbushe. Aka siffanta Barbushe da cewa baƙi ne, ƙaƙƙarfa, maharbi, yana kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abar bautar mutanen Dala a wancan zamani, wadda wurinta ke jikin wata bishiya da ake kira Shamuz, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai shi. Ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. Ranar jama'a kan taru daga ko'ina da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara. Har ya gaya musu wata rana wani mutum zai zo da runduna ya mallake su.

Wannan shi ne abin da ake tsoron yara su ji. To amma Baba, wa ya adana mana shi? Ba boka ba ne ya rubuta, ba kuma Bature ba. Musulmi ne masu ilimi, a birnin da ya shekara ɗaruruwa yana salla, da haruffan Larabci, da tawada irin wadda ake rubuta allo da ita. Ba su ga cewa ambaton Barbushe zai rage musu imani ba. Sun fara da shi ne domin sun san labarin shigowar haske ba ya fahimtuwa sai an faɗi yadda gari yake kafin asuba. Malamanmu na zaure haka suke yi kullum. Wane ɗalibin sira ne bai san sunan Lata da Uzza da Hubal ba? Wa ya taɓa cewa a cire labarin Fir'auna ko na Adawa da Samudawa daga karatu don kada yara su yi sha'awarsu? Allah da kansa ya ce a Suratur Rum, aya ta 42, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Tafiyar da na nema ke nan, ba wata ba.

Akwai kuma wani sashe na littafin da ba a cika karanta wa mutane ba, ni kuwa shi na fi so. Ya lissafa manyan mutanen da ke zaune a wurin da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri, Hamburki mai maganin cututtuka, Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, Maguji mai haƙar tama da narka ta. Duk shekara in na zo nan sai in ga yara sun gyara zama. An daɗe ana cusa musu cewa kakanninsu ba su san komai ba sai da jirgin ruwan Turawa ya iso. Sai ga shi kafin a yi sarki ko ɗaya a Kano akwai likita, akwai mai tsaro, akwai masana'anta, kowa da aikinsa. Na taɓa samun wani yaro ɗan gidan maƙera daga Panteka, wanda kullum yake ɓoye sana'ar gidansu, in an tambaye shi sai ya ce babansa ɗan kasuwa ne. Ranar da muka yi wannan darasi ya biyo ni har ofishin malamai, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hular makaranta a hannu, ya ce: "Malam, ashe mu ne muka kafa Kano?" Na ce masa ƙwarai kuwa, ku ne. Bayan mako guda ya kawo mini 'yar ƙaramar lauje da ya ƙera da hannunsa, tana nan cikin durowata har yau.

Daga nan labari ya miƙe. Bagauda ya zo, bisa lissafin da Palmer ya yi ta hanyar tara shekarun mulkin sarakuna yana komawa baya, a shekarar 999, ya yi mulki zuwa 1063. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, littafin ya ce ranar da aka fara aikin shanu 100 ya yanka wa ma'aikata. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Duk tsawon wannan lokaci mutanen Dala na riƙe da abinsu, sarakuna na neman sirrin suna hana su, sai a zamanin Tsamiya, a farkon rabin ƙarni na 14, aka fasa katangar aka rushe wurin. Zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali, su wajen 40, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka kawo Musulunci fada, aka naɗa liman da ladan da alƙali, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar da a da ake tsafi. Unguwar Madabo, wadda ba ta da nisa da gindin Dala, har gobe ana danganta ta da waɗannan malamai. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yanzu, ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki.

Ku duba tazarar. Daga Bagauda zuwa Rumfa kusan shekara 500 ce. Musulunci bai shiga ƙasar Hausa dare ɗaya ba. Fatake da malamai ne suka yi ta haƙuri, tsara bayan tsara, ana ci gaba ana komawa baya. Littafin bai ɓoye komawa bayan ba: ya kawo labarin Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu aka mayar abin yi wa yanka, har zuwa zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya sa aka sare shi da gatura. Yaron da ya san wannan zai san darajar abin da ya gada, zai kuma gane abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka tashi gyarawa. Wanda bai sani ba gani yake kamar haka aka tarar da komai.

Ni da ƙafata na fara hawa Dala ina ɗan shekara 9. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, amma duk shekara yakan kai mu gida Kano. Wannan shekarar zuwanmu ya dace da Takutaha, ranar da Kanawa ke cika dutsen mako guda bayan Mauludi. Ina tuna cunkoso a kan matakala, da masu tallan alewa da gyaɗa, da yadda na riƙe gefen rigarsa gam don kada in ɓace. Da muka kai sama ya ɗaga ni ya ɗora a kafaɗa. Iska ta buge ni, gari ya shimfiɗu a ƙasa ta ko'ina, jajayen soraye da rufin kwano har iyakar gani. Ya riƙa nuna mini da yatsa: ga koriyar ƙubbar masallacin Juma'a, ga gidan sarki a gefenta, can ga Goron Dutse, nan ƙasa Kurmi ce, wancan layin da ya kewaye kuwa badala ce. Jirgin sama ya taso daga filin jirgi yana ƙara, na ga kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Mahaifina bai yi boko mai zurfi ba, kuma mutum ne da ba ya wasa da jam'i. Bai ga wani abin tsoro a kai ni wurin ba. Ya ce mini: "Nan aka fara." Kalma uku. Ina jin su ne suka sa na karanta tarihi.

A kan wannan dutse Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya tsaya a 1851 ya zana hoton birnin, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce a lokacin fatauci sukan ninka. Mutum ya taso daga Turai, ya keta Sahara a kan raƙumi, ya hau Dala. Mu kuma muna nan Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i a mota, muna muhawara ko ya halatta 'ya'yanmu su gan shi. Tun 2007 Dala da ganuwar Kano da Kurmi da gidan sarki suke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Wurare biyu kacal ƙasar nan take da su a cikin cikakken jerin, Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun a Osogbo tun 2005.

Me ya sa abin ya fi damuna a kan yaran Kaduna musamman? Domin garinmu yaro ne. Turawa ne suka zaɓi wurin saboda kogi da layin dogo, suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru a 1917. Tsofaffin abubuwan da ɗan Kaduna ke gani a hanyarsa ta zuwa makaranta su ne Lugard Hall da gadar ƙarfen Lugga da ke lambun Gamji da tashar jirgin ƙasa. Ba mu da ganuwa, ba mu da ƙofar gari, ba mu da unguwar da za a ce ta shekara 500. Ɗan Zariya ko ɗan Katsina ko bai karanta komai ba yana ratsa tarihi kullum in za shi kasuwa. Namu kuwa, in ba mu tashi tsaye ba, zai girma yana zaton duniya ta fara ne ranar da Bature ya kafa tuta. Ga shi kuma an yi shekaru an cire darasin tarihi daga ƙananan azuzuwa kafin a dawo da shi, har wasu daga cikin matasan malamanmu su kansu ba su taɓa zama ajin tarihi ba.

Kuma kada wani ya ce ai Dala na Kanawa ne, ina ruwanmu. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a nan Kaduna a 1970, a gidan Sardauna da ke titin Rabah, ya yi bayanin cewa manyan biranen Hausa da dama a gindin duwatsu suka tsiro, saboda tsaro da ruwa da ƙarfe, da kuma imanin mutanen da cewa iskoki na zaune a kansu. Abin da Dala yake ga Kano, shi Turunku da Kufena suke ga Zazzau. Turunku tana nan ƙaramar hukumar Igabi, a bayan gidanmu. Daga can ne gidan Bakwa Turunku ya taso, aka koma wajen Kufena, aka kafa birnin Zariya a ƙarni na 16. Shi kansa littafin Tarihin Kano ya ambaci Turunku, inda ya ce Sarkin Kano Kananeji ya kai yaƙi Zazzau ya sauka a can. Ya kuma ambaci Sarauniya Amina, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Kufena kuwa duk wanda ya je Wusasa ya gan shi tsaye, baƙin dutse mai faɗi, da ragowar tsohuwar ganuwa a filin da ke kewaye da shi. A kudancin jihar nan kuma ga Nok a ƙasar Jaba, inda aka fara tono gumakan yumɓun da suka sa sunan Najeriya a bakin masana na duniya, mutanen da su ma sun narka ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

A ajina akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bafulatani da Bayarabe. Kun san halin garinmu, kun san yadda kogi ya raba mu, wasu sun koma kudu wasu sun koma arewa, har yaro kan gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Darasin maƙeran Dala da na Nok yana cikin 'yan darussan da nake ganin ajin ya zama ɗaya, kowa na jin da kakansa ake. Ban ce hawa dutse zai warkar da abin da ya faru a garin nan ba. Na dai ga yara suna tambayar juna sunan garin kakanninsu, abin da ba su saba yi ba.

Wani abin da ke sa ni gaggawa shi ne dutsen kansa ba zai jira mu ba. Marmara ba ta da taurin baƙin dutse, ruwan sama na cin ta. Zuwana na ƙarshe, shekara biyu da suka wuce, na ga inda zaizaya ta yi kwari a gefe, na ga gidaje sun matso har gindi, na ga leda da shara a inda bai kamata ba. Ganuwar da mahaifina ya nuna mini da yatsa, wurare da yawa yanzu sai dai a ce maka nan take a da. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba. Abin da mutane ba su san darajarsa ba ba sa tsare shi, kuma waɗanda za su riƙe ofisoshin da ke kula da irin waɗannan wurare nan da shekara 20, yau suna zaune a azuzuwanmu.

Batun hanya gaskiya ne. Babu uban da za a ce ya saki ɗansa a hanyar da hankalinsa bai kwanta da ita ba, ni ma uba ne, 'ya'yana huɗu. Ba na neman a rufe ido a tafi. A tashi da safe bayan gari ya waye sosai, a dawo kafin magariba ko a kwana a wata makaranta a can bisa yarjejeniya, a sanar da jami'an tsaro, a ɗauki mota mai lafiya da direban da aka sani, iyaye biyu ko uku su shiga cikin tafiyar. In shekarar ba ta yi kyau ba a ɗage, ba wanda zai ce don me. Abin da nake roƙo shi ne in za a hana, a hana saboda hanya, kada a hana saboda tarihi.

Batun kuɗi ma haka. Na san yadda ake fama, na san akwai gidan da kuɗin jarrabawa ma sai an ci bashi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. In tun farkon shekara aka sa abin cikin tsari, ana tara kaɗan-kaɗan kowane zango, tsofaffin ɗalibai su taimaka, makarantu biyu ko uku na unguwa ɗaya su haɗa mota, zai yiwu. Muna samun kuɗin bikin yaye ɗalibai da anko da hayar rumfa da kujeru. Wanda kuma Kano ta yi masa nisa, Zariya ba ta kai rabin tafiyar ba. Wanda ko Zariyar ba zai iya ba, gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana nan titin Ali Akilu, akwai kayan Nok a ciki, Gidan Arewa na nan, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa na nan titin Yakubu Gowon, cike da rubuce-rubucen Larabci da ajami da na zamanin Turawa, masu bincike na zuwa daga ƙasashen waje dominsu. Kuɗin Keke Napep ne tsakaninmu da su. Shugabannin makarantu, ranku ya daɗe, ku tambayi kanku yaushe rabon da motar makarantarku ta tsaya a ƙofar ɗaya daga cikinsu.

Abokan aikina malaman tarihi, mu ma da namu. In muka kai yara wuri muka bar su suna ɗaukar hoto da waya, muka koma gefe muna hira, to Baba Alhaji ya fi mu gaskiya, asarar kuɗin iyaye kawai aka yi. Sai mun karanta kafin mu tafi. Mu rarrabe wa yara abin da aka tono aka gwada, da abin da aka rubuta, da abin da kaka ta faɗa, kowanne da matsayinsa. In yaro ya tambaya ko da gaske Barbushe na ɗaukar giwa a ka, mu gaya masa haka mutanen da suke kambama gwarzonsu, mu tambaye shi me hakan ke nuna mana game da dajin da ke kewaye da Kano a wancan zamani, da har giwa ke yawo a cikinsa. Mu gayyaci malamin addinin Musulunci na makaranta ya zo tare da mu, in mun gama namu bayanin shi ma ya yi nasa a kan dutsen, yara su ji daga bakinsa.

Na sake rubuta takarda, tana kan teburin shugabanmu, za a karanta ta a taron iyaye na wannan zango. Wannan karon Kufena na nema, ranar Asabar, mu tashi da hantsi mu dawo kafin la'asar, Dala kuma sai baɗi in Allah ya kai mu. Na je har gida na gai da Baba Alhaji, muka zauna a zaurensa, na karanta masa sashen zuwan Wangarawa daga littafin. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce in bar masa littafin ya duba da kansa. Bai ce ya yarda ba. Na ce masa in tafiyar ta tabbata, kujerar gaba tasa ce, kusa da direba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin tarihi,
Tudun Wada, Kaduna.